Dalmar Fagen Yaƙi

Mu Sarkawa ne, ruwa muka gada. Ƙauyenmu yana bakin Kwara, tsakanin Kaoje da iyakar Faransa, amma ba zan faɗi sunansa ba, don har yanzu akwai jikokin waɗanda suka ga abin da ya same ni, kuma ba su da wata sana'a da ta wuce dariya.

Jirgin kamun kifi wuri biyu gare shi. Akwai gaba, inda mutum yake tsayawa ya jefa birgi, ragar nan mai faɗi da ake wurgawa ta buɗe a sama ta rufe kifi. Akwai baya, inda mutum yake zama da filafili yana tuƙi, yana kwashe ruwa da ƙwarya in jirgi ya yi yoyo. Na gaba shi ake ce wa masunci. Na baya ko furfura ya yi sunansa mai tuƙi. To ni na yi aure, matata har ta haihu, gemu ya fara fito mini ɗaya nan ɗaya can kamar shukar da fari ya kama, amma ina nan a baya da ƙwaryata.

Jirgin na Baffa ne, wan mahaifina, shi ya riƙe ni tun da mahaifina ya rasu. Dokarsa ɗaya ce, kuma ita ce dokar kowa a bakin ruwan nan: ba a hawa gaban jirgi da birgin aro. Sai ka saƙa naka da hannunka, ka sa masa dalma taka a bakin ƙasa, wadda za ta ja shi ya nutse kafin kifi ya farga. Saƙa kam na iya, na gama tawa tun da daɗewa. Dalma ce ta gagare ni. A zamanin nan sai fatake sun kawo ta, su ma ba kullum ba, in sun kawo kuma manya ke tare su tun a mashigi, kafin irinmu su ji labari an rabe. Na gwada tsakuwa, na gwada yumɓu gasasshe. Birgina yana sauka a hankali kamar tsohuwa za ta zauna, kifi ya gama sallama da 'yan'uwansa ya fice.

Abin da ya fi ci mini rai taubashina ne, ɗan ƙanwar mahaifina. Na girme shi, ni na koya masa iyo, amma ya gaji dalmar ubansa, ya hau gaba ya bar ni. In jiragenmu suka gitta sai ya ɗaga murya yadda kowa zai ji.

"Sannu da aiki, sarkin ƙwarya! Yau ruwa nawa anka kama?"

"Wanda za a wanke gawarka da shi," in ce masa.

"To a tara da yawa, ni babban mutum na!"

Dariya ake yi, ni ma in yi, don taubashi ba a fushi da shi a fili. Amma in na koma gida tuwo ba ya mini daɗi.

Yamma da ƙauyenmu, tafiyar hantsi, akwai wani dutse, a gindinsa akwai fili mai kwazazzabo. Nan aka yi yaƙi tun ban yi kaciya ba. Sojan Faransa masu jajayen huluna suka ɓullo daga yamma, mutanen garin da ke gindin dutsen suka tare su da baka da doki da 'yan bindigogin toka. Mu an kwashe mu mata da yara zuwa tsibiri, abin da na riƙe kawai shi ne ƙara kamar ana fasa itace daga nesa, da kuma cewa ranar ba a ba mu fura ba. Garin ya watse bai sake zama ba. Daga baya Turawan Ingilishi da na Faransa suka raba ƙasa tsakaninsu, suka kafa turken iyaka a tsakiyar filin, ba su tambayi ko waɗanda ke kwance a ciki ba.

Ba mai zuwa wurin. Kakata, uwar Baffa, ita ce mai riƙe da labarinsa. Takan zauna a ƙofar ɗakinta da la'asar, ta zazzaga taba daga 'yar battarta ta tagulla ta tura a leɓe, ta fara.

"Wanga fili, in rana ta take, jajayen huluna na tashi su yi fareti ba kawuna. Kuma duk wanda yaɗ ɗauko ƙarfen wurin yas sa shi ruwa, ƙarfen na jan shi ƙasa. Abin da anka ƙera don shi nemi mutum ba shi mance aikinai."

In ce mata, "Tsohuwa, ke kin gani?"

"Ni da ke da miji irinka, mi zai kai ni? Kai dai zauna nan ka yi ta kwasar ruwa, angona, ba ni son takaba."

Ban da tsoron matattu akwai na rayayyu. Wanda aka sani ya sa ƙarfen yaƙi a ruwa, Sarkin Ruwa yana hana shi su, wato kamun kifi, na shekara guda, don an ce yana korar kifi. Haka muka taso muka ji.

Shekarar da nake ba da labari, da ruwa ya ja baya, aka yi shelar ranar da za a buɗe babban gurbin da ke bayan tsibiri, wanda ake hana taɓawa sai ranar su. Ranar kowa yake nuna kansa, har mutanen Lafagu da Bahindi suna zuwa kallo. Baffa ya ce da ni, yana gyaran komarsa ta kamun kifi bai ko dube ni ba, "Gwiwata ta matsa mini bana. Da kana da birgi da ka hau gaba. Tunda babu, sai in nemi ɗan ƙanwata."

Wato taubashina ya tsaya a gaban jirgin gidanmu, ni ina bayansa ina kallon ƙeyarsa. Na kwana biyu ina auna jajayen huluna da wannan ƙeya, na ga ƙeyar ta fi ban tsoro.

Na zaɓi tsakar rana, lokacin faretin, don na san ba zan haɗu da kowa ba. Na ce wa matata zan je yankan gwangwala. Na ɗauki burgami da 'yar fartanya, na yi ta karanta surorin da na samu a allo kafin malam ya gaji da ni. Ba su da yawa, sai na yi ta maimaitawa, in na kai ƙarshe in koma farko.

Ba fareti, ba kowa, sai ƙadangaru. Ruwan damina ya yanke gefen kwazazzabon, ya fito da abin da ƙasa ta haɗiye. Na ga kawunan kibau sun yi tsatsa har sun zama kamar busasshen ganye. Na ga rabin linzami, da likkafa guda, da maɓallan tagulla masu zane, sun yi kore. Akwai banati, wuƙar nan ta bakin bindiga, ya lanƙwashe, ban taɓa shi ba. Akwai kwanson harsashi birjik, na tagulla, dogaye kamar yatsa. Na ɗauki ɗaya na juya, na ji kamar na san shi a wani wuri, amma hankalina ba ya nan, na yar. Abin da na zo nema yana cikin yashi: kawunan harsashi, farare-farare da ƙura, waɗansu sun baje inda suka daki dutse, waɗansu lafiya lau da 'yan zobba a gindinsu. Na sa haƙori na ciji ɗaya, haƙorin ya shiga. Dalma ce tsantsa.

Ina cikin tsinta na ga abin da ya tsayar mini da numfashi. A inuwar wata ƙirya yashi ya taru tsibi-tsibi, mai laushi, kamar an tankaɗe shi da rariya. Kusa da shi ga tofi ja a kan dutse, ya bushe. Ga kuma sawun ƙafa, babba, ta dama, yatsu huɗu. Na ce shi ke nan, wannan sojan da harsashi ya cire wa yatsa ne, yana fitowa yana tankaɗe ƙasa yana nemansa, yana tofar da jini. Wani mai hankali da ya tsaya ya yi tunani. Ni sallama na yi masa, na ce, "Ranka ya daɗe, kaɗan zan ɗiba." Sannan na cika burgamin har baki, don tsoro bai taɓa hana ni haɗama ba. Turken iyaka yana can ina hangensa, ban ƙetare ba. Na ce in ma za a kama ni, a kama ni a ƙasar Ingilishi, inda na san hanyar gudu.

Kwana uku ina bayan rumbu ina aiki. In ɗora kan harsashi a dutse, in buga shi da bayan gatari ya baje, in naɗe shi a igiyar bakin birgi in matse. Masu birgi sukan bar tazarar tafin hannu tsakanin dalma da dalma. Ni na ce wannan rowa ce ta mutanen da ba su da ita. In kaɗan tana nutsar da raga da sauri, ai mai yawa sai ta riga kifi tunani. Na jera su kusa da kusa kamar duwatsun wuyan amarya, har burgami ya ƙare.

Matata ta leƙo ta tsaya tana kallo, goyo a baya.

"Maigida, ina gwangwalar?"

"Ba ta nuna ba."

"Wagga hwa?"

"Dalmar fatake ta."

Ta ɗauki ɗaya ta murza, ƙasa ta zubo. "Fataken nan a rame suka kwana?"

Na ce mata aikin maza ne. Ta ce to, Allah Ya sa mazan su dawo da kifi, ta tafi tana dariya ƙasa-ƙasa.

Ranar su da hantsi bakin gurbi ya cika, jirage sun jeru, mata da ƙwarya a kan tudu, makaɗa suna ta yi. Na iso da birgina a kafaɗa ina tafiya a karkace, ina yi kamar yanga ce. Na ajiye gaban Baffa. Ya ɗaga ya ji nauyi, ya kama dalma ɗaya ya kai kusa da ido, ya daɗe yana kallo. Na ce a raina yanzu zai kira Sarkin Ruwa. Sai ya tauna goronsa, ya tofar, ya ce, "Kai kas saƙa?"

"Ni na, Baffa."

"Dalma taka ta?"

"Tawa ta."

"To hau gaba. Ni ka tuƙi."

Taubashina, wanda ya riga ya naɗe wando yana shirin hawa, ya koma jirginsu yana cewa, "Yau ƙwarya ta yi maraici! Jama'a ku matsa, sarki zai jefa!"

Sarkin Ruwa ya yi addu'a, ya ɗaga hannu, jirage suka shiga. Baffa ya kai mu tsakiya inda ruwa ya yi baƙi. Na ɗaura igiyar birgi a wuyan hannuna na hagu, kamar yadda ake yi, na yi ƙulli biyu don kada dukiyata ta tsere. Na rataya wani sashe a gwiwar hannu, na kama baki, na dubi tudu na tabbatar matata tana kallo. Na juya baya, na kaɗo da duk ƙarfina.

Birgin bai buɗe ba. Ya tafi a dunƙule kamar an jefa jaki, ni kuma da ban gama juyowa ba na ji an fizge hannuna. Ƙafafuna suka bar jirgi. Abin da na gani na ƙarshe shi ne bakin taubashina a buɗe.

Ni ɗan ruwa ne, faɗawa ba ta ba ni tsoro. Amma wannan ba faɗawa ba ce, ja ake yi. Ina shure-shure ana tafiya da ni ƙasa, ruwa yana sanyi yana duhu, ga maganar Kaka tana mini kuwwa a kunne. Na lalubi ƙullin, ƙulli biyu, ya jiƙe ya ƙi. Wallahi a lokacin na ga jajayen huluna, ko da yake daga baya da na yi tunani ina jin idona ne ya yi ja. Dalma ta taɓa ƙasa, igiya ta ɗan saki, na taka laka na yunƙuro, kaina ya fito da ƙyar, hannu ɗaya yana ƙasa a miƙe. Da na samu iska, maimakon in yi salati, sai na kwarma ihu:

"Ku yi haƙuri! Ina maishe muku! Wallahi ina maishe muku da abinku, har da na mai yatsa huɗu!"

Baffa ya damƙo ni ta wuyan riga, ɗaya hannun ya toshe mini baki, har da hanci. Ya ce wa jiragen da suka matso, "Ruwa yas sha, sambatu shikai. Ku yi ta kanku." Ya yanke igiyar daga hannuna ya riƙe, ya tura ni cikin jirgi kamar tarwaɗa, sannan ya jawo birgin, shi ma sai da ya yi nishi. Ba ko ɗan ƙarfasa a ciki, sai laka da wani tsohon takalmi. Ya tura shi ƙarƙashin tabarma ya zauna a kai. Sauran ranar ni na yi tuƙi, shi ya yi jifa da nasa birgin, da gwiwar tasa mai ciwo. Taubashina kuwa ya kasa jifa don dariya, duk sanda ya ɗaga hannu sai ya tuna ya durƙushe.

Da la'asar Baffa ya ce in ɗauko birgin in biyo shi. Muka yi nisa da gari, muka zauna gindin wata ɗorawa. Na san abin da ke tafe: shekara guda ba ruwa, gaban jirgi kuma sai dai in gani a mafarki. Na fara ba da haƙuri, ya ɗaga mini hannu. Ya ɓalle dalma ɗaya daga birgina ya miƙo mini.

"Mi kag gani nan?"

"Dalma, Baffa."

"Duba dai da kyau, wawa. Zobban nan hwa? Ko makaho ya shafa ya san harsashi na. Ba ka iya narkewa ba? Kasko guda, wuta kaɗan, ka zuba cikin kara, ta hito sumul ba mai sanin uwatta. Mu da munka shekara muna yi, ka taɓa ganin zobe ga birginmu?"

Ban gane ba sai da ya miƙe ƙafa yana murza gwiwa. Ƙafar dama. Yatsu huɗu. Tun ina yaro na san kunkurun ruwa ya cire masa ƙaramin yatsa, kullum ina bayansa a jirgi ina kallon ƙafar nan, amma ban taɓa kawo ta a gindin ƙirya ba. Ya tofar da goro a kan saiwa, ja wur.

"Baffa, kai na mai tankaɗe?"

"Ni da Sarkin Ruwa da wasu dattijai. Rariyar ma ta kakarka ta. Kai kuma ka zo ka kwashe wurin da nib bari sai baɗi."

"To jajayen hulunan hwa? Da ƙarfe mai jan mutum?"

"Ya ja ka ko bai ja ka ba?"



Sannan ya daina wasa, ya gaya mini dalili. Tun da Bature ya zauna ya sa aka tattara bindigogi, ya ce duk gidan da aka samu harsashi maigidan zai amsa tambaya. Ya ga an tafi da wani dattijo a ɗaure saboda abin da bai kai cikin tafin hannu ba. Na Faransa kuma in suka ga mutum yana tono kusa da turkensu ba sa tambaya. In samari suka ji akwai dalma a fili, kwana uku labari ya kai bariki. "Yaro ba shi tsoron Bature sai ya gan shi," in ji Baffa, "amma shina tsoron fatalwa tun daga gida." Ya ƙara da cewa duk sanda suka je sukan yi wa na kwance fatiha, nasu da baƙin duka, kuma ƙashi in ya fito sukan mayar su rufe. Ya tambaye ni ko na yi. Na ce na yi sallama dai. Ya ce Allah Ya shirye ni.

Ya zaro wuƙa ya bi bakin birgina, yana ɓalle ɗaya yana barin ɗaya, wani wurin ya ɓalle biyu. Abin da ya cire ya zuba a aljihunsa, ya ce ladan ceto ne. Saura ya ce in kwance in narke in sake ɗaurawa, in yi ta jifa a kan yashi har birgin ya riƙa buɗewa kamar faifai.

"In ya buɗe, gaba taka ta. Gwiwag ga ba ta sake wata shekara. Amma da sharaɗi. Duk wanda yat tambaye ka abin da kag gani ƙarƙashin ruwa, kada ka rage mai komai."

Ban rage ba, har ƙari na yi. Kafin wata ya mutu jajayen hulunan sun zama bakwai, ɗaya da ƙaho yana busawa. Na ce tsintar ƙarfen na yi a hanya ban san na fagen ba ne, Sarkin Ruwa ya yi mini faɗa a gaban jama'a da fuska a murtuke, ya ce tunda rashin sani ne an yafe, muka haɗa ido ya kau da kai da sauri. Abin da Kaka ta shekara tana faɗa ba a gama yarda ba, faɗawata ɗaya ta tabbatar da shi. Samarin da a da suke leƙen filin daga nesa suka koma zagaye dutsen ta bayansa.

Da ruwan shekarar ya dawo na hau gaba, kuma ban sauka ba sai da tawa gwiwar ta ce ta gaji. Ban zama gwani ba, kada in yi ƙarya, amma gidana bai rasa miya ba. Taubashina bai daina kirana mai yatsa huɗu ba har ya bar duniya, kuma har ya bar ta yana alfahari da cewa dalmarsa tsarkakakkiya ce ta gado. Ubansa yana cikin masu rariya. Sau da yawa maganar takan zo mini har leɓe in haɗiye.

Ranar da na fara jifa daga gaba na kawo wa Kaka giwan ruwa ɗan madaidaici, na ajiye a gabanta. Ta duba, ta ce, "Angona ya girma. Jajayen huluna sun sake ka ke nan?" Ta zaro battarta za ta zuba taba. A nan na dube ta da kyau karo na farko: doguwa kamar yatsa, ta tagulla, an toshe bakinta da ɗan ƙullin tsumma, ta sha hannu har tana ƙyalli.

Na ce, "Tsohuwa, wagga batta ina kis samo ta?"

Ta tura taba a leɓe, ta mayar da battar cikin zane. "Fatake," in ji ta. "Ɗauki kifinka ka kai a gyara, kana tare mini iska."